Ƙwarya babba, fura kaɗan: maganar HD da hoton talabijin

Da zarar an gama kaka, an ɗaure damman hatsi an kai rumbu, wake ya shiga buhu, akwai kayan da ke fara shigowa garuruwanmu na karkarar Gidan Sori a bayan babura da saman motocin kasuwa: pano na sola, batir, parabol, sai kuma tele shafaffiya, irin wadda yara ke kira plasma ko da ba plasma ba ce. Kowane kwali yana ɗauke da manyan haruffa: HD, Full HD, wani ma 4K. Mai saye bai damu da ma'anarsu ba. Abin da ya sani shi ne wadda aka rubuta wa su ta fi tsada, don haka lalle ta fi kyau.

Mu malaman makaranta a ƙauye akwai aikin da aka ɗora mana wanda ba ya cikin abin da aka koya mana a makarantar horon malamai. Duk abin da ke da waya a jikinsa ko rubutun Turawa, wurin Mushe ake kawo shi, daga takardar magani har zuwa dikoda. Tambayar da ta fi yawan zuwa mini game da tele kuwa ita ce: "Mushe, mi ya sa in mai labarai na magana har zaren rigarshi kake gani, amma da an sa kokowa ko ƙwallo sai hoton ya farfashe gida-gida?" Na amsa ta a gindin bishiya, na amsa ta a ƙofar masallaci, na amsa ta a taron iyayen yara. Yau na ga ya dace in rubuta amsar sau ɗaya, domin akwai kuɗin iyaye a cikin maganar, akwai kuma karatun yara.

Gajeriyar amsa ita ce: HD girman ƙwarya take faɗa maka, ba ta faɗa maka kaurin furar da ke ciki. Ana iya miƙo maka ƙatuwar ƙwarya cike fal, ka kafa kai ka tarar farau-farau ne. Mai dama furar kuwa yana can nesa, a gidan talabijin da wurin masu tauraron ɗan'adam, kuma ya gama damunsa tun kafin hoton ya iso parabol ɗinka.

Mu fara da sanin mene ne hoton. Ka matsa kusa da tele har hancinka ya kusa taɓa gilashi, za ka ga ɗige-ɗige ne ƙanana a jere, kamar ramukan shuka a gona mai layi. Tele mai Full HD tana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye. Na taɓa ba 'yan ajin CM2 wannan a matsayin lissafin ninkawa, suka fitar da 2,073,600. Ƙaramar HD tana da 1,280 sau 720, wato 921,600. Tsohon tsarin da muka tashi da shi kuwa 720 ne sau 576, wato 414,720, ka ga Full HD ta ninka shi sau biyar cif. Sannan abin da muke gani yana motsi, hotuna ne tsayayyu ake sauyawa da sauri, guda 25 a kowace daƙiƙa a tsarin ƙasashenmu. Idan ka ninka, ɗigo sama da miliyan 51 ke nan a daƙiƙa ɗaya, kuma kowane ɗigo sai an faɗi haskensa da launinsa.

A cikin gidan talabijin, wayar da ke ɗauko hoton HD daga kyamara tana jan megabit 1,485 a daƙiƙa. Don a gane nauyin wannan kaya: katin waya mai giga 32, wanda ɗan saurayi ke cika shi da finafinai ya yi wata yana kallo, ba zai kai minti uku ba zai cika. Babu hanyar iska da za ta ɗauki wannan lodi zuwa gidajen mutane. Abin da ke iso mana a tashar HD bai cika wuce megabit 5 zuwa 10 ba, wasu tashoshin ma ƙasa da haka. Idan muka ɗauki 6, kashi ɗaya ke nan cikin kusan 250. Sauran duk an zubar a hanya, da gangan.

Wannan zubarwar ita ake kira matse hoto, kuma ba ha'inci ba ce, in ba don ita ba da babu talabijin na zamani, babu bidiyo a waya. Duk wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gwanintar ita ce a zubar da abin da ido ba zai yi kewarsa ba. Masana sun daɗe suna gyara wannan rariya: tsarin MPEG-2 ya fito a tsakiyar shekarun 1990, H.264 wanda ake kira MPEG-4 a jikin dikoda ya biyo baya a 2003, sai HEVC a 2013. Kowane sabo yana iya ba da hoto mai kyan na baya da kimanin rabin kayan. Amma dabarunsu duka guda uku ne, kuma kowane malamin firamare zai gane su.

Dabara ta farko, rage launi. Idon mutum ya fi kula da bambancin haske da duhu a kan bambancin launi. Saboda haka ana barin kowane ɗigo da haskensa, amma ɗigo huɗu maƙwabta sai a haɗa su su ci launi ɗaya, kamar yara huɗu a akushi guda. A fuskar mutum ko bangon ɗaki ba za ka lura ba. Inda abin ke fitowa shi ne siririn rubutu ja ko shuɗi a kan baƙi: sai ka ga bakin haruffan ya jiƙe, kamar tawada a takarda mai laima. Malamai su riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Dabara ta biyu, yanka hoto gida-gida. Na'ura tana raba hoton zuwa ƙananan murabba'ai, takwas sau takwas a tsohon tsari, sababbin kuma suna sauya girman gidan gwargwadon buƙata. Lissafin da ake yi wa kowane gida wani injiniya ɗan asalin Indiya, Nasir Ahmed, shi da abokan aikinsa biyu suka wallafa shi a Amurka a 1974, kuma har yau a kansa hotunan wayoyinmu suke tsaye. Yadda yake aiki kamar mace ce ke kwatanta wa ƙawarta atamfa. Da farko ta ce shuɗiya ce. In akwai lokaci ta ƙara da cewa mai manyan furanni ce. In da sauran lokaci ta ce a cikin kowane fure akwai ƙananan ɗigo farare. Idan aka katse ta tun a farko, abin da ƙawar ta samu shi ne "shuɗiya" kawai. Haka na'ura take yi: in wuri ya ƙure mata, sai ta fara yar da ƙananan zane, sannan manya, har ya rage launi ɗaya shafe a gidan. Idan gidaje maƙwabta kowanne ya koma launi ɗaya, sai iyakokinsu su bayyana. Gida-gidan da kuke gani ke nan, kamar gidan dara.

Dabara ta uku ita ce mafi girma: kada a maimaita abin da bai canza ba. Kullum da safe idan na shiga aji ba na goge allo duka in sake rubuta sunan makaranta da jadawalin mako. Kwanan wata kawai nake gogewa in gyara. Na'ura ma haka. Takan aiko cikakken hoto ɗaya, sannan hotunan da ke biye ta ce: bango yana nan yadda yake, tebur yana nan, leɓe ne kawai ya motsa, hannu ya matsa dama kaɗan. Bayan kamar rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa ɗaya ko biyu sai ta sake aiko cikakke. Wannan yana cikin dalilan da suka sa idan ka canza tasha sai tele ta ɗan yi baƙi tukuna: dikoda na jiran cikakken hoto ne, domin labarin "hannu ya matsa" ba shi da amfani ga wanda bai ga hannun ba.

To, yanzu a dubi mai karanta labarai. Yana zaune wuri ɗaya, bangon bayansa ba ya motsi, fitila ta haske shi sosai. Kusan babu sabon abin da za a aiko, don haka ɗan wurin da ake da shi sai a kashe shi kan zaren riga da gashin gemu. A juyo kuma ga kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, shekarar da Kantu na Maraɗi ya zama sarki, kuma har yau in ana yin ta ƙasar nan ba ta da wata hira. Filin yashi ne, kowace ƙwaya da inuwarta. Bayan 'yan kokowa dubban mutane ne, kowa da kalar rigarsa, kowa na motsi. Makaɗa na kiɗa, layu na lilo, mai kyamara na bin su dama da hagu, wanda ke sa komai na cikin hoton ya canza wuri lokaci guda. Babu abin da na'ura za ta ce "yana nan yadda yake". Ga kaya sun ninku, hanya kuwa faɗinta bai ƙaru ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne lokacin da ka fi buƙatar gani shi ne lokacin da hoton ya fi talaucewa. Na sha zama cikin taron kallo a garinmu, mutum talatin ko fiye a gaban tele ɗaya. Muddin 'yan kokowa na zagaya juna suna auna juna, hoto tas. Da an sarƙe, ƙura ta tashi, aka yi kaye, sai ƙafafu da yashi su narke su zama abu ɗaya. Kafin hoton ya dawo daidai an riga an ɗaga hannun wani. Nan gardama za ta kaure, wannan ya ce ya kai ƙasa, wancan ya rantse bai kai ba, alhali duk cikinmu babu wanda ya gani, domin abin da ake gardama a kansa bai iso garin ba. Haka ciyawar filin ƙwallo ke komawa kamar koren fenti idan kyamara ta bi ƙwallo da gudu, ta dawo ciyawa in an tsaya. Ruwan sama, hayaƙi, ganyen bishiya cikin iska, duk dangin wahala ne ga na'ura. A finafinan Hausa kuma ku lura da fitowar dare: duhun ba ya tafiya sumul, sai ya yi layi-layi kamar gaɓar gulbi bayan ruwa ya janye.

Wa ke yanke yawan abin da kowace tasha za ta samu? A nan maganar ta bar hannun injiniya ta koma hannun mai lissafin kuɗi. Wurin da ke kan tauraron ɗan'adam haya ake biya, kuma ana sayar da shi ne kamar mota guda mai kujeru ƙidayayyu. Haka ma tashar ƙasa ta zamani: kowane zango ɗaya na iska abin da aka saba samu a cikinsa megabit 30 zuwa 40 ne. A ɗauka 36 ne. In aka sa tashoshi 6, kowace ta samu 6. In aka cusa 18, kowace ta tashi da 2. Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi ya san wannan lissafi a haƙarƙarinsa: motar ba ta ƙara faɗi, fasinja ne ke ƙara matsewa. Akwai dabarar da ake yi ta rance tsakanin tashoshin da ke mota ɗaya, mai nuna hira ta ara wa mai nuna ƙwallo wuri na ɗan lokaci. Tana taimakawa, amma in kowa na cikin gudu lokaci guda, babu mai ara wa wani.

Shi ya sa idan mai saida dikoda ya yi maka alfahari da cewa za ka kama tashoshi ɗari-ɗari kyauta, gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ba. Da yawansu ƙaramin wuri suka iya haya. A Janeba, a 2006, ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka amince a bar tsohon tsarin watsa talabijin a koma na zamani, aka sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adi, ko da yake ƙasashen Afirka da dama sun wuce shi ba su gama ba. Shi ne abin da muke ji ana kira TNT. Ribar sabon tsarin ita ce inda da tasha ɗaya ke zama, yanzu tashoshi da yawa za su zauna. Amma ribar ana iya kashe ta ta hanya biyu: ko a kyautata hoto, ko a ƙara yawan tashoshi. Kasuwa ta fi son ta biyu, tunda yawa ana iya rubuta shi a talla, kaurin hoto kuwa sai an zauna an kalla.

Akwai kuma wani nau'in farau-farau. Tasha na iya watsawa a HD da gaske, amma abin da take nunawa tsohon fim ne da aka ɗauka a ƙaramin tsari, ko bidiyon da aka sauko da shi daga intanet bayan an riga an matse shi sau biyu ko uku. Sai a buɗa shi ya cika ɗigo miliyan biyu, a manna masa HD a kusurwa. Ɗigon sun cika, amma babu sabon abin da suka ɗauko. Ita ma tele mai 4K, wadda ke da ɗigo sama da miliyan takwas, abin da take yi wa tashoshinmu ke nan: ta shimfiɗa ɗan abin da ta samu ya rufe gilashi. Abin da aka zubar a gidan talabijin, babu tele a duniya da za ta dawo da shi. Iyakarta ta shafa masa mai.

Na ga inda rashin sanin wannan ya ci kuɗin bawan Allah. Wani dattijo, uban ɗalibata, yana da tele mai inci 32 tana aiki lafiya lau, sai dai farfashewar nan ta dame shi. Ya je birni, wani mai shago ya ce masa ai ƙanƙantar tele ce, ya ɗauki babba ya huta. Ya sayar da wake, ya kawo mai inci 55. Da dare ya aiko a kira ni. "Mushe, zo ka gani, wagga ta fi waccan lalacewa." Ba ta lalace ba. Gidajen daran da a da suke kamar ƙwayar masara, yanzu sun zama kamar akwatin ashana, ga ɗakin ƙarami, mutane na zaune dab da gilashi. Ƙari a kan haka, babbar tele ta fi jan wuta, kuma batir ɗin nan ɗaya shi ke riƙe da ƙwan fitilar da yarinyar ke bitar karatu da shi. Kafin ƙarfe tara gidan ya yi duhu. Na ce masa, "Baba, tele ba ta da laifi, daga can aka damo ta haka." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe ƙwarya na saya."

Saboda haka kafin a kashe ko dala, a bambance cuta uku, don kowace da maganinta. Ta farko ita ce matsewa. Alamarta: hoto na laushi ko ya yi gida-gida lokacin motsi kawai, murya ba ta yankewa, kuma wata tashar a dikoda ɗaya tana fita tas. Wannan ba ta da magani a gidanka, kada ka kira mai gyara, kada ka sayi komai. Ta biyu raunin sigina. Alamarta: hoto ya daskare, ya yi tsalle, korayen murabba'ai su watsu, murya ta riƙa tsinkewa, ko da mai labarai ne zaune. Tana zuwa ne in hadari ya taso da damina, ko iska ta ture parabol, ko ruwa ya shiga waya. A tsohuwar tele in sigina ya yi rauni hoto yakan yi yayyafi amma ana gani a hakan. Na zamani ba ya san wannan sassauci, ko ya zo duka ko ya faɗi gaba ɗaya. Wannan ita ce mai gyara zai iya: a saita parabol, a ɗaure shi da kyau, a canza waya.

Cuta ta uku ita ce mafi arhar magani, kuma na same ta a gidaje da yawa: dikoda HD, tele HD, amma an haɗa su da tsohuwar wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja. Rawayar ba ta iya ɗaukar HD ko kaɗan, ƙaramin hoto na tsohon tsari kawai take wucewa da shi. Wayar HDMI guda ɗaya ta raba wannan gardama. Bayan haka a shiga saitin tele a rage abin da ke ƙara kaifin hoto, domin in ya yi yawa bakin gidajen daran yake ƙara fitowa da shi. A kuma ja tabarma baya kaɗan. Wanda zai saya kuwa, kada ya yarda da bidiyon furanni da tsuntsaye da ake sakawa a shago, wannan daga kile yake fitowa, an dama shi da kauri musamman don talla. Ya ce a sa masa tashar da zai riƙa kallo a gida, lokacin da ake gudu a cikinta. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yanzu ga 'yan'uwana malamai. Mu a Nijar tarihin talabijin ɗinmu a aji ya fara. Tun 1964 aka soma talabijin na makaranta, hoto baƙi da fari, wasu akwatunan ma da hasken rana suke aiki, shekaru kafin a buɗe Télé Sahel ga jama'a a ƙarshen shekarun 1970. Yau darasi ya sake komawa gilashi, sai dai ta waya. Tun rufe makarantu da aka yi a 2020 saboda korona, malamai da yawa sun saba ɗaukar darasi a bidiyo su tura wa iyaye ko abokan aiki. To, duk abin da na faɗa game da kokowa ya hau kan allonmu, har ma ya fi, domin manhajojin tura saƙo irin su WhatsApp suna sake matse bidiyo don ya yi sauƙin tafiya, kuma duk lokacin da aka sauke shi aka gyara aka sake ɗorawa, an sake tace shi ke nan.

Abin da na'ura ke fara yarwa shi ne ƙananan zane. A allo kuwa ƙananan zane su ne ma'ana. Wani abokin aikina ya turo mini darasin lissafi da ya zagaya wayoyi kafin ya iso gare mu. Malamin da ya yi shi gwani ne, bayaninsa ba shi da makusa. Amma ya rubuta waƙafin lambobi da jan alli, mai riƙe da wayar kuma yana ta yawo da hannu. Da na nuna wa yara, rabin aji suka kwafi 3,5 a matsayin 35, don waƙafin ya narke cikin baƙin allo. Haka abin yake ga alamomin Faransanci: a da à, ou da où. A Hausa ma ƙugiya ce ke raba kafa da ƙafa, bari da ɓari, daka da ɗaka. Mai kallon ƙwallo in ciyawa ta shafe bai yi asarar komai ba. Yaron da waƙafi ya ɓace masa ya koyi kuskure, kuma zai rantse haka ya gani.

Maganin yana hannunmu, kuma ba ya cin kuɗi. A kafa wayar a kan tebur ko a jingina ta da littattafai, kada a riƙe ta a hannu, domin in allo bai motsa ba na'ura za ta kashe wurinta kan rubutu. A yi ɗauka da rana, inda haske ya wadata, tunda duhu na haifar da ɗige-ɗigen da na'ura ke ɗauka kamar motsi ne. A yi rubutu manya da farin alli, a bar ja da shuɗi wajen jan layi kawai. A matso da waya kusa, rabin allo a cika gilashi ya fi allo duka daga nesa. Waƙafi da ƙugiya a faɗe su da baki yayin rubutawa, murya ba ta cika lalacewa kamar hoto ba. Wajen turawa, a tura bidiyon a matsayin takarda, wato dokima, ko a kwafa daga waya zuwa waya ta kati, don ta nan ba a sake matse shi. In darasin rubutu ne zalla, hoto tsayayye ɗaya mai kyau da saƙon murya sun fi bidiyo, sun kuma fi sauƙi ga kuɗin intanet na iyaye.

Tun da na fahimci yadda wannan na'ura ke aiki nake kallon wani ɓangare na sana'armu da sabon ido. Mu ma masu matsewa ne. Darasin minti arba'in, da misalansa da tambayoyinsa da abin da aka taɓa da hannu, mukan mayar da shi layi huɗu na rezime a kwafa a kaye. Dole ce ta sa, lokaci kaɗan ne, yara da yawa, littattafai ba su isa ba. Ga yaron da ya ga cikakken darasin, layi huɗun nan sun ishe shi ya tuno sauran. Amma a garuruwanmu yara nawa ne ke ɓacewa mako guda lokacin girbi, ko ranar kasuwa, ko a bi dabbobi? Wanda ya dawo ya ari kayen abokinsa ya kwafe, daidai yake da dikodar da aka kunna a tsakiyar shiri: yana karɓar "hannu ya matsa dama" alhali bai taɓa ganin hannun ba. Zai haddace, zai rera, ranar jarrabawa in aka ɗan juya tambayar sai hoton ya farfashe.

Injiniyoyi sun san da masu shigowa a makare, shi ya sa ba sa barin daƙiƙa biyu su wuce ba su sake aiko cikakken hoto ba, ko da yake shi ya fi cin wuri. Ni ma kowace Litinin nakan ware minti ashirin na farko in sake shimfiɗa abin da ya gabata tun daga tushe, da duwatsu da karan dawa in lissafi ne, kamar babu wanda ya taɓa ji. Yana cin lokacin da jadawali bai ba ni ba, amma waɗanda suka dawo daga gona a nan suke kama tasha. Iyaye kuma, idan yaro ya rera muku rezime babu tuntuɓe, ku yaba masa, sannan ku ce ya ba ku misali ɗaya daga cikin gida ko gona. In ya iya, furar da kauri. In ya tsaya yana kallonku, ku aiko mana shi da wuri ranar Litinin. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.